Yawon buɗe ido da yara a birnin Kano

Yawon buɗe ido da yara fita ce ta yini guda da iyaye ko yayye ke yi da ƙanana zuwa wuraren shaƙatawa da na tarihi. A Kano ta fi yawa a kwanakin ƙaramar Sallah da babba, lokacin da yara ke da sabon ɗinki da 'yan kuɗin barka da Sallah a aljihu, sai kuma ƙarshen zangon karatu, sa'ad da makarantu ke kwasar ɗalibai a motoci.

Inda aka fi yi wa tsinke shi ne Gidan Zoo, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Audu Baƙo, gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa ne gidan ke ɗauke da shi. Akwai zaki da kura da jimina da kada da birrai, ga lilo, ga inuwar manyan itatuwa inda iyali ke shimfiɗa tabarma su buɗe kulolin abinci. Ranar Sallah cunkoso kan yi yawa, har ya zama riƙe hannun yaro ya fi kallon dabbobin muhimmanci.

Wuraren tarihi suna cikin tsohon gari, kuma iyalai ba su cika zuwa ba in an kwatanta da ɗaliban makarantu, alhali a nan labarin yake. Gidan Makama, daura da fadar Sarki, an gina shi a ƙarni na 15, ana kuma danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi, daga baya aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Yaro ba ya karanta bayanin da ke jikin bango, amma zai tsaya cak a gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi, ya yi ta tambaya. Ginin ƙasa ne mai kaurin katanga, don haka zaurukansa na da sanyi ko da rana ta take.

Dutsen Dala kuwa da ƙafa ake hawansa. Nan ne mazaunin Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda. Akwai matakala, sai dai ɗan shekara uku ko huɗu yawanci a kafaɗa yake ƙarasawa. Daga sama ana hango Goron Dutse da rufin gidajen birni, da ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, wadda gine-gine da zaizayar ruwa suka cinye da yawanta.

A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta samo asali tun 1498, har yanzu marina na tsoma yadi cikin ruwan baba da toka. Bakin ramukan daidai yake da ƙasa, shi ya sa ba a sakin ƙaramin yaro a wurin.

Rana ce ke tsara fitar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan yi tsanani, don haka masu dabara ke fara hawa Dala da sassafe, su fake a Gidan Makama da hantsi, su bar Gidan Zoo sai bayan sallar Azahar. Lokacin hunturu yawon ya fi daɗi, in ban da ƙura. A kwanakin hawan Sallah, kamar Hawan Daushe, dawakai da 'yan kallo kan cika titunan da ke kewaye da fada, ta yadda a-daidaita-sahu ma ba ta samun hanya, sai a sauka a tako da ƙafa.