Wai laifin matan Maroko ne kaɗai suke zuwa asibiti a makare?

Da an ce mace ta kai sankarar mama asibiti bayan ta yi nisa sai ka ji ana cewa jahilci ne ko sakaci, ni dai ban yarda da wannan ba.

E, akwai ɓangaren matan. Da yawa in suka ji kullutu a nono kuma ba ya ciwo sai su ce ai ba komai, alhali kullutun sankara a farko yawanci ba ya zafi sam. Ga tsoron a cire nono, ga kunyar buɗe jiki gaban likita namiji, wata kuma sai ta fara zagawa wajen masu maganin gargajiya.

Amma fa ko ta je da wuri akwai jira. Matar da ke ƙauyen tsaunukan Atlas za ta fara da ƙaramin asibiti, a tura ta hoton nono da ake kira mammogram, a sake tura ta a ɗebi tsoka a gwada, sannan a nemo mata layi a cibiyar kula da masu sankara irin ta Rabat ko Kasablanka, kowane mataki da kuɗin mota da na kwana, makonni suna ta tafiya. Wani lokacin ma ma'aikacin lafiyan farko ne zai ce ƙurji ne kawai.

Shi ya sa gidauniyar yaƙi da sankara ta Lalla Salma (matar Sarkin Maroko a lokacin) da aka kafa a 2005 ba ta tsaya kan wayar da kai ba, har gidajen kwana ta gina wa marasa lafiya kusa da cibiyoyin, tsarin ƙasa na yaƙi da sankara na 2010 kuma ya kai duba nono ƙananan asibitoci.