Ma'anar Kaizen, kalmar da ta fara yawo a bakin masu injin casar shinkafa

Wani ƙanena da ke aiki a wani ƙaramin injin casar shinkafa a kan hanyar Jega ya dawo daga bitar kwana biyu a Birnin Kebbi. Bai ko gama cire takalmi ba ya ce, "Yaya, wai mene ne Kaizen ɗin nan da suka yi ta nanata mana? Ni fa har aka tashi ranar farko ina zaton sunan wani sabon inji ne da za a kawo." Ban ga laifinsa ba. Mu a nan, da zarar an ce za a inganta masana'anta, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne kwantena ta iso daga Indiya ko Sin da sabon ƙarfe a ciki.

Kaizen kalmar Japananci ce mai gaɓa biyu: "kai" na nufin sauyi, "zen" kuma na nufin kyau ko alheri. In an haɗa, sauyi ne zuwa ga abin da ya fi. A bakin masu masana'antu kuwa ma'anarta ta fi haka tsukewa: gyara ƙanana-ƙanana da ake yi kullum babu yankewa, wanda kowa a wurin aiki ke da hannu a ciki, tun daga manaja har mai shara, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗin a zo a gani. Da za a tambaye ni fassara, sai in ce gyaran yau da gobe. Bahaushe ya riga ya ce da yayyafi kogi kan cika.

Asalin abin talauci ne ya haife shi, kuma wannan ne ya sa nake ganin ya dace da mu. Japan ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a ragargaje, ba jari, ba kayan aiki. A 1950 kamfanin motoci na Toyota ya kusa durƙushewa, har ya sallami ma'aikata masu yawa, shugabansa Kiichiro Toyoda ya sauka. A shekarar ce kuma wani Ba'amurke masanin ƙididdiga, W. Edwards Deming, ya je Japan yana koya wa injiniyoyi da shugabannin kamfanoni yadda ake auna ingancin kaya. Toyota ba ta da kuɗin yin gogayya da kamfanin motoci na Ford na Amurka ta fuskar girman masana'anta, sai wani injiniyanta mai suna Taiichi Ohno ya duƙufa wajen farautar ɓarna a cikin aikin da suke yi. A 1951 kamfanin ya kafa tsarin karɓar shawarwari daga ma'aikata. Sai a 1986 ne kalmar ta bazu a duniya ta hannun wani Bajapane mai suna Masaaki Imai, wanda ya yi rubutu a kanta da Turanci. A Afirka, Habasha ce ta fi rungumarta, ta kafa cibiya ta musamman a 2011 da taimakon hukumar JICA ta Japan.

Ɓarnar nan da Ohno ya farauta suna ce mata "muda", ya kuma kasa ta gida bakwai. Duk wani motsi da ke cin lokaci ko kuɗi amma bai ƙara wa kaya darajar da mai saye zai biya ba, muda ne. A nan nake son mu ɗan tsaya, domin na riƙe littafin lissafin wani ƙaramin inji na wasu shekaru, kuma na ga irin waɗannan ɓarnar da idona ba tare da na san suna da suna ba.

Ɗauki jira. Bel ya tsinke da hantsi. Makanike yana nan, sabon bel ma yana nan a sito, amma sifanar da ake buƙata ta ɓace. Wani ya ce ta na cikin akwatin janareta, wani ya ce direban mota ya ara jiya. Lebura takwas suna zaune a kan buhuna, janareta na ta shan man gas a banza saboda ba wanda ya yi tunanin kashe shi, ana cewa yanzu-yanzu za a gyara. A ce minti 15 kawai irin wannan ke ci a rana. A kwana shida na mako, mako 50 a shekara, awa 75 ke nan, sama da kwana tara na aikin awa takwas. Ba za ka taɓa ganin wannan a littafin lissafi ba, domin ba wanda ke rubuta rasit a kan jira.

Sai jigila da kai-komo. A wurinmu sikeli yana bakin ƙofa ne, inda aka ajiye shi tun ranar da aka sayo shi, keken ɗinkin buhu kuma yana can ƙurya kusa da wurin da akwai wuta. Kowane buhu mai kilo 50 sai an saɓa shi a kafaɗa an kai sikeli, a dawo da shi wurin ɗinki, a sake ratsa ɗakin da shi zuwa sito. Shekaru ana haka. Ranar da aka jawo waya aka matso da keken kusa da sikeli, mutum biyu suka riƙa yin abin da a da sai huɗu. Wanda ya kawo shawarar wani dattijon lebura ne. Da Alhaji mai injin ya tambaye shi, "Baba, me ya hana ka faɗa tun tuni?" sai ya amsa, "Ranka ya daɗe, ai ba a taɓa tambayata ba." Wannan amsar ta tsaya mini a rai har yau.

Sauran ɓarnar su ne yin kaya fiye da yadda kasuwa ke nema, tara kaya a sito har kuɗi su kwanta, yi wa kaya aikin da ba a nema ba kamar goge shinkafa har ta rame, da kuma kayan da suka fito da aibu. Wannan na ƙarshe shi ne ciwon masu shinkafa. A kowane kilo 100 na shanshera, kusan 20 buntu ne, wani kaso kuma dusa, abin da ya rage shi ne shinkafa. Ribar tana rataye ne a kan nawa ya fito da tsawonsa, nawa ya karye ya zama tsaki, domin farashinsu ba ɗaya ba ne.

Kaizen yana da wata hanya ta bin diddigin irin wannan: a tambayi "me ya sa" har sau biyar, kada a tsaya a amsar farko. Me ya sa tsaki ya yi yawa a wannan makon? Ƙwayar na karyewa a cikin injin gogewa. Mai gaggawa a nan zai tsaya, ya zagi mai kula da injin. Me ya sa take karyewa? Domin ta riga ta tsage tun kafin ta shiga. Me ya tsaga ta? Bayan an turara ta, an shanya ta a kan siminti cikin ranar watan Afrilu, bayanta ya bushe ƙarau cikinta da sauran danshi. Me ya sa ba a tattara ta a inuwa ta huta kafin a ƙarasa shanyar ba? Domin masu shanya bisa yawan buhun da suka kwashe ake biyansu, duk wanda ya jira shi ke asara. To, ka ga inda laifin ya kwana: a tsarin biyan kuɗi da aka tsara a ofis. Danshin da ya fi dacewa da casa wajen kashi 14 cikin 100 ne. Tsofaffin ma'aikata da haƙori suke gane shi, su ciji ƙwaya su ji ƙararta, kuma sau da yawa suna dacewa, amma ƙaramar na'urar auna danshi tana raba gardama, ta sa yaron da ya zo jiya ma ya iya.

Shi ya sa Japanawa suka nace a kan abin da suke kira "gemba", wato ainihin wurin da ake aikin. Ana ba da labarin cewa Ohno yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da matashin injiniya a ciki na awanni, ya ce ya yi ta kallo har sai ya ga ɓarna. Gani ya kori ji. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Toyota har igiya aka rataya wadda ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga aibu, shugabansa ya rugo, in abin bai gyaru nan take ba a tsayar da layin haɗa motocin. Ka kwatanta da wurin da yaro ke jin inji ya sauya ƙara amma ya ja bakinsa ya yi shiru don tsoron kada a ce shi ya lalata.

Akwai kuma tsarin shirya wurin aiki mai matakai biyar da ake yawan farawa da shi: a fitar da tarkacen da ba a amfani da su, kowane abu a ba shi mazauni, a share, a mai da hakan ƙa'ida, a ɗore. Allo a bango da aka zana siffar kowace sifana a kai ya isa ya kashe matsalar da na faɗa a baya.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafa ta zama sana'ar jihar nan. Ga babban injin casa na Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injina birjik. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko da ɓarna ka ci riba. Yanzu man gas da wuta da kuɗin mota sun yi tsada, shanshera na wuyar samu, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafar da ba a gama gogewa ba. Wanda ba shi da iko a kan farashin kasuwa, abin da ya rage masa shi ne ya toshe ramukan cikin gidansa. Manyan masana'antu na duniya sun koma liƙa na'urori a jikin inji masu aika wa kwamfuta bayanin zafi da girgiza, a gane ƙarfe zai lalace kafin ya lalace. Abu ne mai kyau, sai dai wanda bai saba rubuta sau nawa injinsa ya tsaya a littafi ba, na'urar ma ba za ta amfane shi ba.

Ba duk abin da ya zo daga Toyota ne zai zauna daidai a Kebbi ba. Su suna ƙyamar tara kaya, suna son kayan haɗi su iso daidai lokacin da ake buƙatarsu. Shanshera kuwa da lokacinta take zuwa, ta damina da ta noman rani a fadama. Mai injin da bai cika sito da kaka ba zai zauna watanni yana kallon bango. A nan gyaran shi ne a kyautata ajiyar: katako a ƙarƙashin buhuna, iska ta ratsa, wanda ya fara shiga shi ya fara fita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu gida ke fahimtar kalmar a matsayin hanyar rage ma'aikata. In lebura ya kawo shawarar da ta sa aikin mutum huɗu ya koma na biyu, aka sallami biyun, to an rufe bakin kowa ke nan, kuma suna da gaskiya su yi shiru. A wurinmu, biyun da suka samu sarari an mai da su wajen shanya ne, inda dama ake ƙarancin hannu, shi kuma dattijon aka ƙara masa wani abu a ƙarshen wata.

Ƙanen nawa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Yaya, ni da ba ni da iko a wurin, daga ina zan fara?" Na ce ya sayi littafin rubutu, duk lokacin da inji ya tsaya ya rubuta ƙarfe nawa, minti nawa, da dalili, har mako biyu, sannan ya kai wa maigidansa a keɓe, ba a gaban mutane ba. Ya fara ranar Asabar ɗin da ta wuce. A shafin farko, tsayawa uku cikin biyar duk toshewar rariyar tace tsakuwa ce.