Waiwaye: Yadda yashin kuza na Jos ya zama abin bincike

Tun da farashin monazait, wani ma'adini da ke cikin yashin kuza, ya tashi, ake ta muhawara kan tsibin yashin da ke Bukur, Rayfield da Barikin Ladi: dukiya ce ko guba? Mai sauraro sai ya ɗauka jiya aka gano tiririn radiyeshon da ke cikinsa.

Turawa sun fara haƙar kuza a Filato a farkon shekarun 1900, kasuwar ta rushe a 1985, aka bar kududdufai da tarin ƙasa. Wannan kowa ya sani.

Abin da ake tsallakewa shi ne shekarun 1950. Lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta shiga sayen kwalambait da tsada, ma'adinin da a da ake zubarwa, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Sai aka koma tsofaffin juji ana sake tacewa. Wanki da ruwa yana tara ma'adinai masu nauyi wuri guda, injin maganaɗisu kuma ya ware kuza da kwalambait, ya bar monazait da zarkon. Su ne ke ɗauke da toriyam da yuraniyam, sinadaran da ke fitar da radiyeshon. Abin da ke warwatse cikin ƙasa ƙwaya-ƙwaya, tacewa ta tattara shi tsibi-tsibi a bakin ma'aikatun, ba mai saye. Da gari ya faɗaɗa, wannan yashi mai laushi na kyauta ya shiga bulo da filasta. Toriyam-232 kuwa sai ya shekara biliyan 14 kafin rabinsa ya lalace.

An auna radiyeshon ƙasar wurin sau da dama, musamman a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Hanyar sananniya ce: a busar da samfur, a niƙa, a tankaɗe, a rufe a gwangwani na kwana 28 zuwa 30. Dalili shi ne iskar radon-222, wadda rabinta ke lalacewa cikin kwana 3.8, sai ta daidaita da radiyam, sinadarin da ke haifar da ita, kafin a karanta awon. Murfi ya yi ɗan yoyo, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, ɗalibi bai sani ba. A cikin na'urorin awon, ta jamaniyam ta fi ta sodiyam ayodaid rarrabe sinadarai, amma tana son sanyin ruwan naitirojin duk lokacin da ake aiki da ita.

A ganina an cika auna tsibi, an bar ɗakin kwana. Mai neman digirin digirgir zai fi samun sabon abu a nan: ƙurar da mata masu tankaɗe ke shaƙa, kayan lambun da ake bayi da ruwan kududdufi, da iskar toron, wadda toriyam ke haifarwa, da ke fita daga bangon filasta. Toron rabinsa na ƙarewa cikin daƙiƙa 56, don haka sai an manna ma'auni kusa da bango, wata uku da damina, wata uku da hunturu lokacin da ake rufe tagogi.