Barcin kwamfuta: ma'anarsa, da masu tashin ta ba da saninka ba

Ka rufe murfin laftof da daddare batir na cike, ka sa ta a jaka. Da safe kana zuge zif sai ka ji jakar da ɗumi kamar an ajiye kwanon tuwo a ciki, fanka na ta huci, batir ya kusa ƙarewa. Ko kuma ta tebur ce, tsakar dare allonta ya haska ɗaki alhali ba wanda ya taɓa ta. Mutane da yawa daga nan sai su ce bairos ne, su kai wa mai gyara ya goge komai ya sake zuba Windows. Abin yana ba ni takaici, domin takardu da hotuna na shekaru suna salwanta a banza, kuma bayan kwana biyu matsalar ta dawo.

Idan aka ce kwamfuta tana yanayin barci, ba a kashe take ba. Ta tsayar da aiki, ta kashe allo da fanka, amma ta bar 'yar wuta tana shiga RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi inda duk abin da ka buɗe yake zaune. Garwashi ne aka lulluɓe da toka: ana hurawa zai kama. Shi ya sa cikin daƙiƙa biyu ko uku take dawo maka da rubutunka daidai inda ka tsaya.

Tsarin ya fito ne daga wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Ta jera matakan wuta daga S0, lokacin da na'ura ke aiki, zuwa S5, lokacin da take kashe. Barcin da muka saba da shi shi ne S3. Na gaba da shi, S4, shi ne dogon barci, wanda Windows ke rubutawa Hibernate. A nan kwamfuta tana kwafe duk abin da ke RAM zuwa wani fayil mai suna hiberfil.sys, sannan ta yanke wuta gaba ɗaya. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai kwamfutar tebur a inda ake yawan ɗauke wuta, domin RAM ba ta riƙe komai idan ba lantarki.

To, tunda ba a kashe take ba, dole a bar wasu a farke su yi gadi, kuma kowane mai gadi an ba shi izinin ya tashe ta. Tushen matsalar ke nan. Kwamfuta ba ta farkawa haka kawai. Wani ne ya tashe ta, kuma yawanci tana ajiye sunansa.

Tambayar ta ba wuya. Ka danna ɓangaren dama na maus a kan alamar Start, ka zaɓi Terminal ko PowerShell wanda aka rubuta Admin a gabansa, ka rubuta powercfg /lastwake. Za ta nuna abin da ya tashe ta na ƙarshe. Idan ka rubuta powercfg /devicequery wake_armed kuma, za ta jero duk na'urorin da ke da wannan izini.

Wanda aka fi kamawa shi ne maus. Na taɓa shafe mako guda ina bin tawa. Amsar da take ba ni ba ta ambaci maus ba, sunan mahaɗar USB kawai take kawowa, kuma haka take yi sau da yawa. Sai wani dare na zare wayar maus ɗin kafin in kwanta, ta kwana lafiya har asuba. Ashe teburina ƙafarsa ɗaya gajera ce, duk wanda ya rufe ƙofar ɗakin da ƙarfi sai ya girgiza, idon da ke ƙarƙashin maus ɗin ya ɗauka hannu ne ya motsa shi. Maganin na dindindin yana cikin Device Manager, inda Windows ke jera duk na'urorin da ke jikin kwamfuta: ka buɗe bayanan maus ɗin, ka je shafin Power Management, ka cire alamar da ke ba shi damar tashin kwamfuta. Kibod dai ka bar masa nasa izinin, domin ka samu abin da za ka taɓa da safe.

Katin intanet, wato ɓangaren cikin kwamfuta da ke haɗa ta da intanet, shi ma yana cikin masu gadi. An yi shi ne domin ofisoshi masu kwamfutoci da yawa, inda ma'aikaci ɗaya zai tashe su daga nesa ta hanyar aika wani saƙo na musamman da ke maimaita lambar katin sau 16 a jere. Damuwar ita ce wasu katunan an saita su suna amsa saƙonnin da ba wannan ba, sai kwamfuta ta riƙa farkawa minti kaɗan bayan ta kwanta. A shafin nan dai na Power Management akwai zaɓin da ke cewa wancan saƙon kaɗai za a saurara. Idan a gida kake, cire izinin baki ɗaya ya fi sauƙi.

Idan kuwa ka lura kullum lokaci ɗaya take tashi, to agogo aka saita mata. Windows 10 yana yin aikin gyaran kansa da ƙarfe 2 na dare idan ba a canza ba, sabunta manhaja ma yana iya ɗaura nasa agogon. Umarnin powercfg /waketimers zai nuna maka su, kuma ana kashe su a saitin wuta, ƙarƙashin Sleep.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da ake yawan haɗa su: kwamfutar da ta ƙi kwanciya tun farko. Wannan wata manhaja ce ta riƙe ta, watakila bidiyo a wani shafin burauza da ka manta, ko direban sauti, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da na'urar sauti. Sunanta zai fito idan ka rubuta powercfg /requests.

Laftof ɗin da ta yi zafi a jaka kuwa, sau da yawa labarinta daban ne, kuma shi ya fi damuna. Tun Windows 8 a 2012 aka kawo wani sabon salon barci irin na wayar hannu, wanda daga Windows 10 ake kira Modern Standby. A wannan salo na'ura ba ta sauka S3 ko kaɗan. Tana nan a S0, ta kashe allo ta rage cin wuta, amma tana iya ci gaba da hulɗa da intanet. Idan komai ya tafi daidai tana farkawa nan take. Idan wani direba ɗaya ya ƙi lafawa, sai ta kwana tana aiki a cikin jaka rufaffiya, inda zafi ba shi da mafita, ga shi ba abin da ke tsufar da batir kamar zafi. Ka rubuta powercfg /a domin ka ga salon da taka ke amfani da shi. Idan wannan sabon ne, powercfg /sleepstudy zai haɗa maka rahoton kwana uku da suka wuce, da yawan batir da aka sha a kowane barci da abin da ya fi sha.

Sababbin laftof da yawa ba su da S3 sam, don haka ba na ba da shawarar a ɓata lokaci wajen neman dawo da shi. Abin da nake yi, kuma nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne a shiga Control Panel, a buɗe Power Options, a je inda ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi, a mayar da shi Hibernate. Tashinta zai ƙara 'yan daƙiƙu, amma maus ko intanet da wuya su tashe ta, aikinka kuma yana nan ko da batir ya mutu. Kafin ka zuge jakar, ka ɗan jira har fitilar jikinta ta mutu, fanka ta yi shiru.