Sasanci na shari'a ba sulhu ba ne

Kwanakin nan kalmar sasanci ta cika rediyo. Rikicin jam'iyya sasanci, rigimar kamfani da gwamnati sasanci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai karanta labarai ya ce kotun sasanci ta yanke hukunci, sannan ya ƙara da cewa ɓangarorin sun yi sulhu. A sulhu, sai kowa ya ce ya yarda a ƙarshe. A sasanci na shari'a kuwa, tun farko ake ba da yardar: ku biyu ku amince da alƙalai, ku sa hannu cewa duk abin da suka yanke ya hau kanku, ya yi daɗi ko bai yi ba.

Duba Kuroshiya da Sulobeniya. Tun da suka ɓalle daga Yugoslabiya a 1991 suke jayayya kan mashigin ruwan Piran a Tekun Adriyatik. Gaɓar tekun Sulobeniya ba ta kai kilomita 50 ba, don haka take neman hanyar fita zuwa ruwan ƙasa da ƙasa. A 2008 har ta tare wa Kuroshiya tattaunawar shiga Tarayyar Turai. A Nuwamba 2009, firaministocinsu Borut Pahor da Jadranka Kosor suka sa hannu a Stockholm cewa alƙalai biyar su raba gardamar.

Sai a 2015 jaridar Večernji list ta fallasa hirar waya tsakanin alƙalin da Sulobeniya ta naɗa, Jernej Sekolec, da wakiliyarta Simona Drenik, suna tattauna shari'ar a bayan fage. Duka biyun suka ajiye muƙami, majalisar Kuroshiya ta ce ƙasar ta fita daga sasancin. Kotun, bayan an sauya wasu alƙalanta, ta ce lallai Sulobeniya ta karya ƙa'ida, amma laifin bai kai ya rushe yarjejeniyar ba. Ranar 29 ga Yuni 2017 ta ba Sulobeniya kusan kashi uku cikin huɗu na mashigin, da hanyar wucewa mai faɗin mil 2.5 na teku.

Ni ban raina fushin Kuroshiya ba, alƙali ya yi raɗa da mai ƙara abin kunya ne. Amma in ɓangare ɗaya zai iya tattara takardunsa ya tafi tsakiyar shari'a, to me sa hannun ya amfana? Raunin sasanci ke nan: ba shi da ɗan sanda. Kuroshiya ta ƙi bin hukuncin, a 2020 kuma kotun Tarayyar Turai ta ce ba ta da hurumin shiga maganar. Masunta ne suka sha wahalar, Sulobeniya tana cin na Kuroshiya tara a ruwan da hukuncin ya ba ta, Kuroshiya kuma tana rama wa a kan masuntan Sulobeniya, domin a wurinta iyakar tana tsakiyar mashigin.