Duba marasa lafiya daga nesa a Saudiyya

Duba marasa lafiya daga nesa shi ne likita ya saurari majiyyaci ta waya ko bidiyo, ya ba shi shawara ko ya rubuta masa magani, ba tare da sun haɗu ido da ido ba. A Saudiyya gwamnati ce ta ja ragamar wannan tsari, don haka bunƙasarsa ta bi sawun dokoki da manufofin Ma'aikatar Lafiya fiye da yadda ta bi kasuwa.

Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ya fara tuntuɓar likitocin ƙasashen waje ta wannan hanya tun shekarun 1990, amma abin bai wuce manyan asibitoci ba. Ya fara isa ga talaka ne bayan ƙaddamar da Hangen 2030, shirin gwamnati na raya ƙasa, a watan Afrilun 2016, wanda ya sa sauƙaƙa samun likita cikin manufofinsa. Dalilin a fili yake: ƙasar na da faɗi, ƙwararru kuma sun taru a Riyad da Jidda da Dammam, nesa da mutanen Najran ko Tabuk. Ma'aikatar ta faɗaɗa layin 937, wanda ake kira dare da rana don shawarar likita, sannan ta fito da manhajoji irin su Mawid ta neman lokacin ganin likita, da kuma Sehhaty da ake ganawa da likita ta cikinta. Tsarin Wasfaty kuwa yana aika takardar magani kai tsaye zuwa kantin magani.

Doka ta sharɗanta cewa mai duba majiyyaci daga nesa ya mallaki lasisin hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya ta ƙasar, kamar mai dubawa a ɗakin asibiti. Dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a Satumban 2023, ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa.

Annobar korona ce ta hanzarta komai. Da aka hana fita a 2020, har Makka da Madina suka shiga kullen dare da rana, waya ta zama ƙofar asibiti ga mutane da yawa. A Fabrairun 2022 aka buɗe Asibitin Seha na intanet a Riyad, aka haɗa shi da asibitoci 130 tun farko. Ƙwararrensa yana zaune a Riyad ya karanta hoton ƙwaƙwalwar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki a wani gari, ya gaya wa likitan can abin yi. Asibitocin Mina da Arfa ma suna dogara da shi lokacin aikin Hajji.

Sai dai manufar da ta buɗe ƙofa ita ce kuma ke tantance mai shiga. Rajista a manhajojin gwamnati tana buƙatar lambar shaida, ta ɗan ƙasa ko ta iƙama (takardar izinin zama) ko ta baƙon da ya shigo da biza. Hausawan Makka da Madina da Jidda ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai 'yan ƙasa, jikokin alhazan da suka zauna tun da daɗewa, waɗanda asibitin gwamnati kyauta ne gare su. Akwai masu iƙama da ke aiki a kamfanoni, su kuma inshorar da doka ta wajabta wa mai kamfani ce madogararsu. Wanda ba shi da takarda kuwa, manhajar ba ta san da zamansa ba. A ƙarshen Maris 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda takardunsu ba su cika ba, amma umarnin na wannan cuta ne kaɗai.

Harshe ma shinge ne. Manhajojin da Larabci da Turanci suke aiki, don haka dattijuwar da Hausa ta fi zama a bakinta sai ta nemi ɗa ko jika ya riƙe mata wayar, ya kuma fassara wa likita ciwon da ba lalle ta so ya ji ba.