Ba Zafin Rana Ke Kawo Wutar Sola Ba

A ƙauyukan Ringim da Gumel, da bazara ta shigo sai ka ji ana cewa, "Yanzu sola za ta cika batir." An daɗe ana wannan kuskure. Haske faifan sola yake ci. Zafi ma rage masa ƙarfi yake yi: a digiri 25 ake auna shi, duk digirin da ya ƙaru yana zubar da kusan kashi 0.4 cikin ɗari.

A Afrilu kuwa, faifan da aka kwantar kan kwanon rufi har hannu yake ƙonawa. Da wutar ta ragu, mai shagon cajin waya sai ya zaci an cuce shi, ya sake zuba kuɗi a wani faifan, alhali ɗaga na farkon kawai zai yi iska ta ratsa ƙarƙashinsa, ya goge ƙura da sassafe.